Hanyar Ruwan Bagaja: Yadda Gwana Ke Jefa Mai Sauraro Cikin Labari

Tsohuwar da ta iya tatsuniya ba ta farawa da tatsuniya. Duk wanda ya taɓa zama a tsakar gida a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, bayan an ci tuwon dare an yi lisha, a kwanakin kaka da masara ta shiga rumbu auduga kuma ta fara tsagewa a gona, ya ga wannan da idonsa. Yara sun kewaye ta, kowa yana cewa, "Iya, a yi mana." Ita kuwa sai ta jawo kwandon audugarta, ta dangwali alli da yatsa don kada zare ya zame mata, ta murza mazari, sannan ta jefa musu kacici-kacici: shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya. Wannan ya faɗi nasa, waccan ta faɗi nata, duk ba a dace ba. Idan sun gaza, sai su ba ta gari. Ƙaramin cikinsu ya ce ya ba ta 'Yankara, ta ce ta sha zuwa can. A ba ta Daudawa, ta yi jim ta girgiza kai. Sai an kai Funtuwa ko Katsina take karɓa, ta shiga garin da baki, ta ci ta sha, kana ta ce musu tsintsiya ce.

Mai kallo daga gefe zai ɗauka jan rai ne kawai. A'a, awo take yi. A cikin wannan ɗan lokaci ta gane wanda barci ya fara ɗauka, da wanda aka doka da yamma har yanzu yana kumbure-kumbure, da baƙuwar yarinyar da aka kawo hutu wadda ba ta saba da gidan ba. Mafi muhimmanci, ta buɗe musu baki. Yaron da ya yi magana sau biyu ko uku kafin a soma labari, ba zai zauna kurum ba idan labari ya kankama, ita kuwa abin da take nema ke nan.

Akwai dalilin da ya sa aikin ya fi zama a hannun kaka. Uwa tana da kunya tsakaninta da ɗanta, musamman ɗan fari da ko sunansa ba ta faɗi. Kaka kuwa abokiyar wasa ce. Jikanta namiji maigidanta ne, jikarta mace kishiyarta ce, haka take kiransu, su ma haka suke mayar mata. A gabanta yaro yana da damar katse magana, ya ce, "Iya, jiya ba haka kika ce ba," ba wanda zai harare shi. In ba da wannan 'yanci ba, duk dabarun da za su biyo baya ba za su yi aiki ba.

Daga nan sai buɗe ƙofa. Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Su ce, "Ta zo mu ji ta." Idan amsar ta fito a sanyaye, ba za ta wuce ba, za ta maimaita har sai muryoyi sun haɗu wuri ɗaya. Tun daga jimlar farko an kafa sharaɗi: labarin nan ba ya tafiya sai da bakin mai sauraro. Al'adar hana tatsuniya da rana ma, wadda ake tsorata yara da cewa mai yi zai ɓata, tana taimakon gwana. Rana ta aiki ce, ido yana da abin kallo da yawa. Da dare kuwa, a hasken farin wata ko na 'yar fitila, kunne ne ke mulki, kuma abin da aka faɗa wa kunne zuciya ce ke zana shi.

Mu bi ta cikin tatsuniya guda, wadda kusan kowane gida yana da irin tasa: tatsuniyar Ruwan Bagaja. Ba littafin Abubakar Imam na 1934 nake nufi ba, wanda ya ɗauki sunan ya gina wani labari dabam na Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Ina nufin ta bakin tsofaffi. Wani mutum yana da mata biyu, mowa da bora, kowacce da 'yarta. 'Yar mowa ta ɓata shimfiɗa da dare, aka ɗora laifin a kan 'yar bora, aka ce ta ɗauki ƙirgin ta je ta wanko shi a Ruwan Bagaja, ruwan da ba wanda ya san inda yake.

A nan gwana take fara rage gudu, kuma a nan ake bambance ta da raggo. Raggon mai tatsuniya, wanda yake so ya sauke nauyi ya je ya kwanta, jimla ɗaya yake yi wa wannan wuri: aka kore ta, ta tafi. Gwana kuwa sai ta tsaya a bakin ƙofar. Ta ce uwar yarinyar tana tsaye a gindin murhu, ta buɗe baki za ta yi magana, ta mayar ta rufe. Ta ce ƙirgin ya fi ƙarfin yarinyar, sai da ta naɗe shi sau biyu kafin ya zauna mata a ka. Ta ce ba wanda ya ba ta guzuri. Ba ta faɗi cewa yarinyar abar tausayi ce ba, ko sau ɗaya. Abubuwa take jerawa, ƙanana, waɗanda kowane yaro ya san nauyinsu, ta bar tausayin ya tsiro da kansa.

Wani abu kuma da ba kowa ke lura da shi ba: a gabanta akwai 'ya'yan ɗakuna dabam-dabam, kuma a gidan da ke da mace fiye da ɗaya yara sun san wace ce mowa tun kafin su san ƙirga. Saboda haka idan ta zo kan kalmar bora, idonta yana kan mazari. Ba ta kallon kowa. Yarinyar da abin ya shafa za ta ji an faɗi ciwonta ba tare da an nuna ta da yatsa ba, wanda kuma uwarsa ce ke da faɗa a gidan zai yi tafiyar dare ɗaya a ƙafafun wadda aka zalunta. Wannan ladabi ne da ba a koyar da shi da baki.

Sai tafiya. Yarinya ta iske kogi, ta yi masa 'yar waƙa tana tambaya ko shi ne Ruwan Bagaja. Kogin ya amsa cewa ba shi ba ne, shi kogin kaza ne, in za ta ci ta ci, in za ta wuce ta wuce. Ta yi godiya ta wuce. Jerin kogunan ya danganta da gida, wani bakin ya sa na nama da na shinkafa, wani ya ƙara na madara da na zuma. Abin kula shi ne yadda gwana ke raba aikin. A kogin farko ita kaɗai take rera waƙar, a hankali, kowace gaɓa a fili, ta kuma bayyana wurin dalla-dalla. A na biyu ta rera, amma ta ɗan sassauta murya a ƙarshen, sai ka ji bakin yaro ɗaya ko biyu ya cike gurbin. A na uku fara ta kawai take yi, ta yi shiru, yara su ɗauke ta gaba ɗaya. Daga nan ba ita ke tambayar kogi ba, su ne. Idan kogi ya ce ba shi ba ne, su aka ba amsa, su kuma gwiwarsu ke sanyi. Labari da zare halinsu ɗaya a hannunta: in ta ja da gaggawa ya tsinke, in ta sake da yawa ya yi kauri ya ƙi murɗuwa, kuma yatsa ne kaɗai ya san tsakiyar.

A ƙarshen hanya akwai 'yar bukka, a cikinta Cinya da Kare. Cinya ce zalla, ba gangar jiki, ba kai, abin da take iya yi gurnani ne kawai, Kare ne ke fassara. Dubi aikin murya a nan. Gurnanin daga ƙirji take fito da shi, baki a rufe, sannan ta bar ɗan shiru kafin Kare ya yi magana. Wannan shirun shi ne wurin tsoro. Idan ya gajarce, abin ya zama ban dariya tun ba a shirya ba. Idan ya yi tsawo, ƙaramin cikinsu ya fashe da kuka a watse. Gwana tana auna shi da numfashin yaron da ya jingina da ita. Muryoyin duk a ajiye suke a wurinta, kowacce da mazauninta: ta Kura mai kauri da haɗama, ta Dila mai laushi, da tsamin bakin Gizo da ke mayar da sarki "sayki", wanda take ajiyewa don daren da ake bukatar dariya.

Aka ba yarinya ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi ɗaya ta dafa. Ba ta yi gardama ba, ta dafa, tukunya ta cika. Da za ta tafi aka ce ta zaɓi ƙwai, ta ɗauki ƙaramin. Aka gindaya mata doka: in ta tambaya ko ta fasa ta ji muryoyi suna zuga ta, kada ta fasa, sai inda ta ji shiru. Yanzu yara sun riƙe dokar. Saboda haka idan tsohuwa ta ɗaga murya ta yi tambayar da bakin yarinyar, ta kuma kwaikwayi masu zugar, ba ta bukatar ta ce komai. Yaran ne za su yi caa, "Kar ki fasa! Kar ki fasa!" Wanda ya yi wannan ihu ya ɗauki alhakin yarinyar a wuyansa.

Wannan hikima ta ba mai sauraro abin riƙewa, wasu mutane a wata duniya sun sake gano ta da wahala, ta hanyar da ba a zata ba. Tsakanin 1975 da 1976 wani masanin kwamfuta a Amurka, Will Crowther, ma'aikacin kamfanin BBN da ke cikin waɗanda suka aza harsashin intanet, ya rubuta wani wasa da ya kira Adventure. Shi da matarsa Patricia masu shiga kogo ne, sun yi aikin auna babban kogon Mammoth na jihar Kentaki da zana taswirarsa. Da aurensu ya mutu, sai ya nemi abin da zai haɗa shi da 'ya'yansa mata biyu, ya gina musu kogon a cikin na'ura. Babu hoto, babu sauti. Rubutu ne ke fitowa ya ce maka ga inda kake tsaye, ga abin da ke gabanka, sannan ya tsaya. Ba zai ƙara ko harafi ba sai ka buga masa amsa da kalma ɗaya ko biyu: ɗauki fitila, shiga ciki, yi arewa.

Yadda ya tsara aikin abin a tsaya a duba ne. Kowane wuri a kogon ya ba shi lamba. Ya yi jadawalin hanyoyi, wato jerin da ke cewa in kana lamba kaza ka ce yamma, za ka faɗa lamba kaza. Ya yi jerin kalmomin da na'urar za ta gane, ba su kai 200 ba, kuma haruffa biyar na farkon kalma kaɗai take dubawa. Sannan kowane wuri ya rubuta masa bayani iri biyu, dogo da gajere: ranar da ka fara zuwa a ba ka dogon, in ka dawo a ba ka gajeren, don kada maimaici ya gundure ka. Abin da Iya ke yi ke nan tsakanin kogin farko da na uku. Ya kuma san amfanin kaya a hannu. Akwai ɗan tsuntsu da ba ya kamuwa in kana riƙe da wata sanda, sai ka ajiye ta, ka sa shi a keji, ka yi ta yawo da shi, har ka iske wani maciji ya tare hanya. In ka saki tsuntsun, shi zai kori macijin. Layin umarnin da ke tafiyar da duk wannan kimanin 700 ne, na harshen kwamfuta da ake kira Fortran. A 1977 Don Woods na Jami'ar Stanford ya faɗaɗa wasan, ya bazu a jami'o'i, daga nan ɗaliban MIT suka yi nasu mai suna Zork, wasunsu kuma suka kafa kamfanin Infocom a 1979.

Waɗannan wasanni na farko sun iya sa mutum tunani da fargaba, amma hawaye sai a 1983, da Steve Meretzky ya rubuta wa Infocom wasan Planetfall. Kai mai wasa ƙaramin ma'aikaci ne mai goge daɓe a jirgin sama jannati. Jirgin ya tarwatse, ka tsira, ka faɗa wata duniya da ba kowa. A wani ɗaki ka iske mutum-mutumin ƙarfe a kashe, kai da kanka za ka kunna shi. Sunansa Floyd, halinsa na yaro ne. Yana bin ka duk inda ka sa ƙafa, yana roƙon ku yi wasan ɓuya, yana ba ka labaran da ba ka tambaya ba, wani lokaci ya fice ya dawo da gudu. Meretzky ya kashe wuri mai tsada a faifan da ba shi da yalwa wajen rubuta waɗannan 'yan ƙananan halaye, alhali yawancinsu ba sa warware ko matsala ɗaya a wasan. Sa'o'i masu yawa kana tare da shi, har ka saba.

Can gaba sai ga wani kati da ba makawa sai da shi, yana cikin ɗakin gwaji da mugayen halittu suka cika. Floyd ya ce shi zai shiga. Ya tsara maka yadda za a yi: ka buɗe ƙofa, ya shiga, ka rufe, in ya ƙwanƙwasa ka buɗe, ka sake rufewa. A nan gwanintar take. Marubucin yana iya ba da labarin duka a sakin layi ɗaya, amma bai yi ba. Ya tilasta maka ka buga umarnin da yatsunka. Kai ka buɗe, kai ka rufe shi a ciki, kai ka jira kana karanta ƙarar abin da ake yi masa. Ya fito da katin, jikinsa a farfashe, ya mutu a hannunka. Meretzky ya faɗa daga baya cewa masu wasa da yawa sun gaya masa sun yi kuka a wurin nan. Manya ne, a gaban allon da babu komai a kansa sai haruffa. Abin da ya sa su kuka ba ya cikin jimlolin mutuwar kaɗai, yana cikin sa'o'in wasan ɓuya da suka gabata, da kuma ƙofar da suka rufe da hannunsu.

Ina jinjina wa wannan aiki ƙwarai, amma a ganina na tsohuwa ya fi wuya ta fuska ɗaya. Meretzky yana da watanni, yana da masu gwada wasan su kawo masa rahoton inda ya yi rauni, ya zauna ya hango abin da mai wasa zai iya bugawa ya tanadi amsa. Abin da bai hango ba, na'ura sai ta ce ba ta gane ba. Iya ba ta da wannan mafaka. Yaro zai tambaye ta, "To ina sauran jikin Cinyar?" kuma dole amsa ta fito nan take, ta dace da labarin, ba tare da mazari ya tsaya ba. In ta ga tsoro ya yi yawa, ta sa Kare ya yi atishawa. In ta ga manyan sun fara zungurar juna, ta tsallake kogi ɗaya. Labarin da ta ba su yau ba daidai yake da na bara ba, ko da ƙashin bayansa bai canza ba. Sa'idu Babura Ahmad ya yi littafi guda a 1997 a kan wannan batu na abin da ke tsayawa da abin da ke sauyawa a tatsuniyoyin Hausa daga baki zuwa baki.

Mu koma tatsuniyarmu. Tafiya ta biyu, ta 'yar mowa, da sauri ake yin ta, kuma daidai ne. Yara sun riga sun san hanya, sun san doka, daɗin yanzu shi ne ganin ana karya ta ɗaya bayan ɗaya. 'Yar mowa ta tsaya ta ci a kowane kogi, ta yi wa Cinya dariya, ta raina ƙwayar shinkafa, ta wawuri babban ƙwai, ta fasa a inda ake zuga ta. Gwana ba ta tsayawa yin wa'azi, yaran ne ke faɗin kowane kuskure tun kafin a tafka shi. A bakuna da yawa abin da ke fitowa daga ƙwanta kutare ne da makafi. Ni na fi son bakin da ke musanya su da ƙudaje da rina, domin nakasa ba horo ba ce, kuma mai yiwuwa ne a cikin masu sauraro akwai wanda kakansa makaho ne. Tatsuniya tana ɗaukar irin wannan gyara ba tare da ta karye ba. Sai rufewa: "Ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Da wannan ta sallame su daga duniyar da ta shigar da su, kowa ya san an dawo gida.

An yi ƙoƙarin adana waɗannan labarai a takarda tun da daɗewa. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, wanda ɗaliban firamare da yawa suka tashi da shi, Bukar Usman kuma ya tara Taskar Tatsuniyoyi a 2012. Aiki ne mai daraja, ya tsare mana ƙashin labaran. Sai dai takarda ba ta jiran amsa, kuma tsawon shirun da ke tsakanin Cinya da Kare ba ya rubutuwa. Wannan ɓangaren a zaman dare kaɗai ake gadonsa, zaman dare kuwa yana bukatar kwanciyar hankali. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna bakin dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Birnin Gwari, kuma shekarun nan sun sha wuyar 'yan bindiga. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ƙauyuka da dama sun watse, iyalai sun koma zaman haya ko na alfarma a manyan garuruwa. A inda kunne ke sauraren ƙarar babura, da wuya a ba shi aikin sauraren kogi. Inda kuma aka samu lafiya, waya ta shigo tsakar gida da abin kallon da ba ya neman komai daga yaro sai ya zura ido.

Duk da haka koyon bai da tsada, kuma hanyarsa ba ta canza ba. Wani dare tsohuwa za ta ce maƙogwaronta ya bushe, "Kishiya, yau ke za ki yi mana." Yarinya 'yar shekara tara ko goma ta gyara zama ta buɗe, a amsa mata. Za ta yi gudu, za ta manta kogi, za ta faɗi abin da ke cikin ƙwai tun ba a fasa ba. Tsohuwa ba ta karɓe labarin daga bakinta, ba ta kuma gyara mata kalma. Tambaya kawai take jefawa daga gefe, a matsayin mai sauraro: "To da za ta fita, uwarta tana ina?" Yarinyar ta tsaya, ta koma baya, ta nemo uwar a gindin murhu. Wani daren tambayar ta zama, "Kare nan da nan ya amsa?" A haka, tambaya ɗaya a dare, har ranar da ƙannenta za su fara tsallake ɗakin Iya su zo wurinta su ce a yi musu.